Kofaton Malam Jaki da Horon Waya

A wani daji mai rijiya ɗaya tal, akwai Hukumar Ruwa, Giwa ce shugabarta. Ma'aikata arba'in gare ta, amma mai ɗebo ruwan ɗaya ne, Malam Jaki. Shekara goma sha ɗaya yana jigilar jarkoki zuwa ƙofar kowa, ko tari bai taɓa yi ba.

Wata rana Giwa ta dawo daga taron bita tare da wani Biri mai tabarau ba gilashi. Ta tara ma'aikata, Biri ya gyara murya.

"Ranki ya daɗe, 'yan uwa ma'aikata, zamanin auna aiki da ido ya wuce. Na shirya muku horo ta waya. Tambaya za ta fito da amsoshi huɗu, kowace da ɗigo a gabanta, sai ku danna ɗaya. Na'ura ce za ta ba da maki. Duk wanda bai kai hamsin ba ranar Alhamis, ya ajiye aiki."

Aka yi ta tafi, har da macizai.

Malam Jaki ya ajiye waya a ƙasa ya karanta tambayar farko: "Idan ma'aikaci ya ga jarka ba ruwa, me zai yi?" Wannan ai sana'arsa ce! Ya ɗora kofato, kofato ya danne ɗigo huɗun gaba ɗaya. Waya ta ce, "Kash! Sake gwadawa." Ya gwada da hanci, ta ce kash. Ya gwada da harshe, sai ta kira surukarsa, suka gaisa.

Ita kuwa Zabuwa, mai buga hatimi a ofis, ko hanyar rijiya ba ta sani ba. Da ta ga ɗigon nan sai ta ɗauka gero ne, ta hau tsattsaga ƙwas-ƙwas-ƙwas. Kafin azahar ta gama horon sau tara, tana mitar geron ba ya cika ciki.

Ranar Laraba Jaki ya je gaban Giwa, hankalinsa a tashe.

"Ranki ya daɗe, wallahi na san amsoshin, kofatona ne ya fi ɗigon girma. Ruwan da kika yi wanka da shi yau ma ni na kawo."

"Allah sarki, Malam Jaki! Ni dai na ga ruwan, amma na'ura ba ta gani ba. Ka shigar da ƙorafi ta wayar, akwai ɗigonsa a ƙasa."

Jaki ya dubi ƙafarta, mai faɗin faifai. "Ke fa, ranki ya daɗe, da me kika danna?"

"Shugabanni ba sa yin horo," in ji Giwa.

Alhamis ta zo. Zabuwa ɗari tara, Jaki sifiri. Aka sallame shi, ya tafi kunnuwa a langaɓe, abin tausayi. Aka miƙa wa Zabuwa jarkokin da lambar yabo. Ta kuwa yi ƙoƙari, a baki take ɗebo ruwan, ta shanye a hanya.

Bayan mako guda Giwa ta daina wanka, Biri ya koma lasar raɓa. Sai ya tura wa dukan daji tambaya ta waya: "Yaya kuka ga aikin ruwa?" Amsoshi biyu ya sa, "Na gamsu" da "Na gamsu ƙwarai."

Rahoton bana ya nuna ba a taɓa samun shekarar da babu mai kukan ƙishirwa kamar wannan ba.