Yadda Za Ka Ƙera Motar Talaka Ba Tare Da Talaka Ya Shige Ta Ba

Kai da aka ba kujerar manaja a kamfanin motoci a Jakarta, matso kusa. Gwamnati na son motar lantarki, 'yan jarida na son motar talaka, kai kuma riba kake so. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin kowa zai tafa maka, kuma ko talaka ɗaya ba zai jiƙa maka kujera da gumi ba.

1. Fara da alkawari

Je bikin baje kolin motoci, ka lulluɓe wani abu da jan ƙyalle, ka ce ga motar jama'a nan tafe. Kada ka kuskura ka yaye ƙyallen. Shekarar da maigidana Pak Hendarto, wato Yallaɓai Hendarto, ya yi haka, teburin shayi ne a ƙarƙashi, kuma sai da hotonsa ya cika jaridu.

2. Saurari talaka da kunne ɗaya

Zai zo, kada ka yi shakka. Namu sunansa Sugeng, ɗan acaɓa. Ya shigo da hular kwano a hammata, matarsa Warsini na biye da jariri a saɓe.

Ya ce, "Pak, ƙarama nake so, ba ruwana da kyau. Rufi da ƙofa huɗu kawai. Bara muna hanyar Wonogiri za mu gida Sallah, babbar 'yarmu ta yi barci a kan babur ta zame. Da ƙyar uwarta ta cafko rigarta."

Warsini ta ce, "Ni dai na rantse, bana ba mai ɗora mini yara a babur. Ko mota, ko mu yi Sallarmu a nan, tsohuwata ta yi ta fushi."

Gyaɗa kai, ka ɓata fuska kamar abin ya taɓa ka. Sa a kawo musu shayi mai sukari. Shayi ya fi ragi araha.

3. Gyara motar har ta fi ƙarfinsa

Injiniyoyinka za su kawo zanen wata 'yar mota mai sauƙin kuɗi. Yara ne, yi musu uzuri. Ce a sa kujerar da ke yi wa mutum tausa. Ce a yi rufin da gilashi, don mai mota ya riƙa kallon hayaƙin da yake taimakawa a rage. A ƙara ɗan firij. Duk abin da ka ƙara, ka ce don tsaron lafiya ne. Ban taɓa ganin wanda ya yi gardama da tsaron lafiya ba.

4. San mai sayenka na gaskiya

Ibu Melani ce, wato Uwargida Melani. Motocinta biyu, saboda dokar nan da ke duba ƙarshen lambar mota kafin a bar ta ta hau manyan tituna: gwargwadon kwanan wata, yau wannan, gobe waccan. Motar lantarki kuwa dokar ba ta shafe ta ba.

"Na gaji da tuna kwanan wata, Pak Hen," in ji ta. "A ba ni motar da ke fita kullum. Akwai fara?"

Akwai fara. Ɗauki hotonta kusa da bishiya, ka rubuta cewa tana ceton duniya.

5. In ya dawo, ɗora wa lungunsu laifi

Sugeng ya dawo tsakiyar azumi, matarsa na biye. Ya karanta farashin da ke jikin gilashi, ya sake karantawa.

"Pak, wannan ce motar jama'ar?"

Pak Hendarto ya dafa kafaɗarsa. "Mas Sugeng, ɗan'uwana, tsakaninka da Allah, mota na shiga lungunku? In ka jona wannan a wutar gidanka, ai har ta masallacin unguwa sai ta ɗauke. Mu fa tausayinka muke ji."

Sai ya miƙa masa hula mai tambarin kamfani. Sugeng ya karɓa da hannu biyu har da godiya. Mutanenmu akwai ladabi, shi ya sa sana'ar nan take da daɗi. Matar ce ba ta da kirki. Ta jujjuya hular ta ce, "Pak, ina ƙofofin?"

Irin wannan tambayar ba a amsa ta. Duba wayarka.

6. Kira 'yan jarida

Gaya musu kun yi bincike mai zurfi, kun gano talaka bai shirya wa motar lantarki ba tukuna. Hujja kuwa ga ta: ko ɗaya bai saya ba.

Sanarwa

Marubucin nan shawara kawai ya bayar, bai ƙera komai ba, bai sa farashin komai ba. In uwa ta karya rantsuwarta saboda tsohuwarta na ta bugo waya tana kuka, wannan tsakaninsu ne. In kuma jajibirin Sallah ka ci karo da babur a babbar hanya ɗauke da mutum huɗu da kwalin tsaraba, an ɗaure wata yarinya da zane a bayan ubanta, kanta na ta rangaji, babu hannuna, babu na kamfani. Wuce abinka. Motarka ba ta da ƙara, ba za ta tashi yarinyar daga barci ba.