Garwashi a Gaban Injin Maikano

"...Lafiya lau, amarya. Ya ƙafa? Ya rigima?"

"Rigima ga ta can kwance ƙarƙashin mota, da ƙafafu kamar na fara."

Bilya ke nan, jikana. Ƙafafunsa kaɗai nake gani, sauran jikin yana ƙarƙashin tsohuwar Fijo ta kakansa, mijina marigayi Maikano. Ta daɗe a kangon bayan gida kaji suna ƙwai a ciki, sai yaron nan ya dawo daga gareji a Kano ya ce sai ya tashe ta. Ya kankare injin, ya fesa masa jan fenti, yanzu yana ta jona tiyo, na ruwa da na mai.

Jiya maƙwabciyarmu Rahinatu ta leƙo ta katanga ta ce, "Kai, kamar sabo!" Ko tubarkalla babu. Haka aka yi ta yabon motar nan lokacin da Maikano ya yi mata fenti, ba a jima ba ta kife da shi a hanyar Lajawa, da ɗingishi ya koma ga Allah. Shi ya sa da hantsi na cika kasko da garwashi, na barbaɗa turaren maganin baki, na nufo kangon.

"Fito, malalacin miji, in yi wa jan injin nan naka hayaƙi."

"Hayaƙi? Me kike riƙe da shi?"

"Kasko."

"Da wuta?"

"A'a, da ƙanƙara. Ka taɓa ganin turare ya tashi ba wuta?"

Da ya sake magana muryar ba tasa ba ce.

"Iya, tsaya nan inda kike."

Yaron da kullum sai amarya, sai tsohuwa, yau shi ne da Iya?

"Na cire tiyon tanki zan sa sabo. Yatsana ne kaɗai ya toshe bututun. Rigata ta jiƙe sharkaf da fetur."

Ashe ƙamshin turare ne ya toshe mini hanci. Na duba ƙasa, ga wani danshi ya gangaro daga ƙarƙashin motar yana nufo ni kamar maciji.

"To ka saki ka fito mana, ɗan nema!"

"In na saki, tankin gaba ɗaya zai tsiyayo."

"Ni dai Allah bai ba ni miji mai wayo ba. Na farko ya kifar da ita, na biyu zai soya kansa a gindinta."

"Ja da baya a hankali, amarya. In na ƙone, wa zai kwashi bazawara mai haƙori uku?"

"Huɗu ne, makaho! Masu kifin bakin gada layi suke yi a kaina."

"Ɗauka suke busasshen kifi ne ya gudo daga kwando. Iya, don Allah, a hankali."

Ina ja da baya, kasko yana gasa mini tafi. Ba na ganin komai sai ƙafafun nan biyu da na yi wa wanka yana jariri. Sai silifana ya harɗe da wata tsohuwar waya, na yi taga-taga. Garwashi ɗaya ya faɗo, ja wur, ya gangara wajen danshin.

"Innalillahi!"

"Me ya faru? Iya, me ya faru?"

Ban amsa ba. Silifan ya riga ya fita. Na ɗora diddigena tsirara a kai, na murje, na ƙara murjewa har na ji ƙaurin fatata. Sannan na zagaya bayan katanga da ɗingishi na kifa kaskon cikin bahon wanki. Da ya yi cuu, nan na zauna a ƙasa daɓas.

Can sai ga shi, ya gama ɗaure tiyon, ya cire rigar ya yar, idanunsa jawur. Ya durƙusa ya ɗaga ƙafata yana dubawa.

"Kuka kake yi, ragon maza?"

"Fetur ne ya shiga mini ido." Ya ja hanci. "Dama na sha faɗa, fason nan naki ya fi tayar Fijo kauri. Ga shi har garwashi ya sallama."

"Cika mini ƙafa, kar ka shafa mini baƙin mai. To yanzu bakin Rahinatu fa? Haka za a bar injin?"

"Zo ki yi masa tofi. Shi ba ya kama wuta."

Ya riƙe ni muka je. Na karanta abin da ya sawwaƙa, na tofa.

"Kai, tsohuwa! Tofi na ce, ba wankin inji ba! Kin ɓata mini fenti!"

"Ka yi mini shiru, ko in koma in hura wani garwashin."

Ya ɗaga hannu biyu yana dariya.

"Na bi, Allah ya huci zuciyar amarya. Kujerar gaba taki ce. Ranar Juma'a ke za ki fara shiga, in kai ki kasuwa in saya miki sabon silifa."

"Silifan dai kawo. Amma ni in fara shiga wannan abu? Fara ɗaukar Rahinatu. In ta dawo da ƙafafunta biyu, sai ka zo mu yi magana."