Ranar da Duk Kayan Sitonmu Suka Zama Fo

Ko me zan manta a zamana na Abidjan, ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Litinin a unguwar Treichville ba. A ranar ce wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba ta tona min asiri a gaban maigidana da 'yarsa da 'yan dako goma sha biyu.

Shekarata goma sha tara ina riƙe da siton Alhaji a unguwar Adjamé, can bayan kasuwar Roxy. Kayan roba da na kicin muke shigowa da su: fulas, kofuna, butoci, bokitai, kwanukan silba. Tsarina ba shi da wuya. Kwali ya sauka daga kwantena, in buɗe in duba, in rufe, in rubuta abin da ke ciki da alƙalamin maka a gefensa. Sauran kuma yana cikin kaina, kuma ina alfahari da kan nan har ya yi yawa.

Da Alhaji ya kama sabon sito a Treichville, wajen da ake kira Arras, don ya fi kusa da tashar jiragen ruwa, sai ya kira ni gefe ya ce, "Malam, in Allah ya yarda kai za ka riƙe makullin can." Na gaya wa matata a asirce, ita kuma ta gaya wa duk gidan hayarmu a asirce. Kafin mako ya zagayo har na ba da ɗinkin sabuwar shadda.

Sai dai akwai sharaɗi. Sabon wurin da tsarin zamani zai yi aiki, wanda Nafisa 'yar Alhaji ta zo da shi. Haifaffiyar nan ce, ta yi karatun harkar sito da sufuri, Hausarta rabi Faransanci ce, amma ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Kawu. Ranar Alhamis ta zaunar da ni ta yi min bayani. Kowane kwali za a manna masa 'yar takarda mai layuka baƙi da fari. In aka haska ta da na'ura, nan take kwamfuta ta faɗi abin da ke ciki da inda yake ajiye. Ta nuna min yadda ake shigar da sunan kaya, da yadda ƙaramar firinta ke fitar da takardar. Ta fitar da guda biyu na kwalin da ya fi kusa da ita, ta manna ɗaya, ta ba ni ɗaya in riƙe a matsayin samfuri.

Ni dai ina ta gyaɗa kai. (Tsakanina da Allah, abin da na gani kawai layuka ne jere kamar haƙoran mataji.)

"Kawu ka gane? Ni zan tafi Bouaké bikin ƙawata, sai Lahadi. In akwai problème ka kira ni."

"Haba Nafisa, tun kina 'yar mitsitsiya nake wannan aiki. Je ki sha bikinki."

Bayan sallar Juma'a na zauna gaban kwamfutar. Na danna nan, na danna can, firinta ta kunna jar wuta ta yi shiru. Kwali ɗari huɗu suna kallona, waɗanda na riga na rubuta musu suna da hannuna. Wayata tana aljihu, lambar Nafisa tana ciki. Amma yaya mutumin da za a ba makulli zai kira yarinyar da ya ɗauka a kafaɗa ya ce mata bai gane ba? Ina cikin wannan sai idona ya faɗa kan samfurin nan, wata dabara ta zo min. Har na yi mamakin yadda 'yan boko suke wahalar da kansu a kan abu mai sauƙi.

Washegari na nufi wani mai hoton takardu a Arras wanda ke da takarda mai gam a bayanta. Na miƙa masa samfurin na ce ya yi min ɗari huɗu da ashirin. Ya kalli takardar, ya kalle ni, ya tambaye ni da Faransanci, "Vieux père," wato baba tsoho, "duka iri ɗaya?" Na ce masa ya yi aikinsa, ni ba shawara na zo nema ba.

Yini guda na yi ina mannawa. Da yake Nafisa ta ce daga yanzu ba sauran buƙatar rubutu da maka, kuma rubutuna dama ba na nunawa ba ne, sai na riƙa ɗora kowace takarda daidai a kan rubutun, in danne da babban yatsa. Ta kuma ce har kayan aiki za a saka a tsarin, don haka ragowar ashirin ɗin na raba wa fanka da tsani da janareta da kujerar Alhaji. Na tsaya a bakin ƙofa na kalli aikina, wallahi sai da na ji tausayin Alhaji da bai gano darajata da wuri ba.

Litinin na iso cikin sabuwar shaddata tana ƙyalli. Alhaji ya zo da Madam Awa, babbar mai sayen kayanmu, wadda ke kai su kasuwannin arewacin ƙasar. Motarta na ƙofa tana jiran kwali sittin na fulas, kuma Alhaji yana so ta ga yadda za a fitar da su cikin minti goma. Nafisa ta kalli layin kwalayen ta ce, "Kawu, kai kaɗai ka gama? Bravo." Na ce ai ba wani abu ba ne.

Ta haska kwalin farko, wanda ita ta manna wa takarda. Na'ura ta ce ƙit, ta karanta da ƙarfi, "Pot bébé, rose." Wato fo na jarirai, ruwan hoda. Aka buɗe, ga su nan kuwa. Madam ta tafa, Alhaji ya yi murmushi, ni ma na yi, kamar ni na ƙera na'urar.

Ta haska na biyu. Fo na jarirai, ruwan hoda. Na uku, wani dogon kwali da ko makaho ya shafa ya san ba fo ba ne, shi ma haka. Ta tsallaka wani layi, ta sauya wani. Duk inda ta haska, fo. Murmushin Alhaji ya fara janyewa. Ni kuwa har lokacin ban gane ba, shi ya sa na buɗe baki na faɗi maganar da ta fi komai ƙona min rai har yau: "Kayan zamanin nan kenan, Alhaji, ba su da tabbas."

Nafisa ta kashe na'urar ta kunna, ta sake gwadawa. Sai ta durƙusa tana karanta 'yan lambobin da ke ƙarƙashin layukan, daga wannan kwali zuwa wancan. Ta ɗago a hankali.

"Kawu, a ina ka yi imprimer ɗin waɗannan?"

"A Arras. Firintarki ce ta ƙi, sai na kai samfurin aka yi min hotonsa."

"Samfurin guda ɗaya?"

"E mana. Ba duk layuka ba ne?"

Daga yadda ta dafe kai na fahimci abin da na aikata. Na ba kwali ɗari huɗu suna ɗaya.

Madam Awa, wadda ta san aikina shekara da shekaru, ta so ta cece ni. Ta ce ai ba komai, a duba rubutun da nake yi a gefe. Nafisa ta kama gefen wata takarda ta ɓare, sai ta taho da fatar kwalin da rubutuna gaba ɗaya. Ta gwada wata, haka. Mai hoton nan bai cuce ni a gam ba.

Alhaji ya ja da baya ya zauna a kujerarsa. Nafisa ta matsa kusa da shi za ta yi magana, na'urar na rataye a hannunta, yatsanta a kan maɓalli. Sai muka ji ƙit. Kowa ya juya ga allon kwamfutar, wanda ke sanar da mu da manyan haruffa abin da Alhaji yake zaune a kai. Wani ɗan dako ya cusa hularsa a baki, biyu suka fita da gudu, muna jiyo dariyarsu daga bayan mota. Madam ta rufe fuska da mayafi kafaɗunta na rawa. Ni na rasa inda zan sa idona, na yi ta kallon siminti ko zai tsage.

Can Alhaji ya miƙe ya sa hannu a aljihu. Kada ku yi min dariya, amma a wannan halin ma sai da zuciyata ta ce ko makullin ne. Reza ya ciro ya miƙo min.

"Malam, a buɗe su duka."

Da sabuwar shaddata na durƙusa na fara yanka. Sai bayan La'asar muka haɗa wa Madam fulas ɗinta, sauran kuma kwana uku suka ci. Ni ina buɗewa ina faɗin abin da ke ciki, Nafisa na shigarwa tana fitar da takarda. Ko sau ɗaya ba ta tayar da maganar ba, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Jar wutar firintar nan kuwa, ashe murfinta ne bai rufu da kyau ba. Da yatsa ɗaya ta danna shi.

Makullin Treichville yana hannun Nafisa, kuma ya dace da ita. Ni na koma Adjamé, inda yanzu nake haska kaya da na'urata kamar da ita aka haife ni. Abin da ya raba ni da wannan matsayi kalma uku ce da na ƙi faɗa ranar Alhamis: ban gane ba. Yanzu na iya faɗarta da Hausa da Faransanci, har da Julanci, yaren 'yan kasuwar nan, na sa aka koya min, don kada wata rana in rasa yaren da zan faɗe ta da shi.