Wayar Malam Sama'ilu Ta Rasu a Rijiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wasu tambayoyi da ba a amsa ba tukuna, Malam Sama'ilu mai awon hatsi na Fakku yana sanar da 'yan uwa na Kebbe da Tambuwal rasuwar wayarsa, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a cikin rijiyar bayan masallaci. Ta bar duniya tana da shekara tara.

Marigayiya 'yar ƙaramar waya ce mai madannai. Ba ta ɗaukar hoto, ba ta kiɗa, ba a taɓa kama ta tana nuna abin da ido bai kamata ya gani ba. Wayoyin zamani su ji kunya.

Babban aikinta ya zo a ƙarshen rayuwarta. Kwana arba'in da suka wuce, Nasrullahi, ƙanen Malam uwa ɗaya uba ɗaya, ya ɗauki sanda da buta ya kama hanyar Kaulaha a ƙasa domin ziyara. Bai tafi da waya ba. Lamba ɗaya ya haddace, ta marigayiya. Duk garin da ya sauka sai ya ari wayar wani bawan Allah ya yi filashin, Malam ya kira.

To, wanda ya yi shekara talatin yana ganin mudu mai lotsattsen gindi ba ya karɓar magana haka nan. Kafin ya gaisa da ƙanensa, sai Malam ya sa a miƙa wa mai wayar: a ƙasa wannan mutumin ya shigo garinku, ko sauke shi aka yi? Sannan ya kasa kunne ga abin da ke bayan murya. Marigayiya ba ta taɓa ɓoye masa komai ba. Ta kawo masa haki daga Kamba, kukan jaki daga Gaya, hayaniyar Zabarmawa daga Dosso, da muryar nan da ta dushe: "Ƙasa nika tahiya, Yaya. Tambayi dugadugaina."

Ta daɗe tana jinya. Batirinta ya kumbura, sai da aka ɗaure ta da roba. Daga baya ba ta jin magana sai an kai ta bakin rijiya, inda sabis ya fi ƙarfi.

A nan ajali ya same ta. Nasrullahi ya yi filashin daga gaban Yamai, Malam ya kira, sai ya ji gurnanin injin da hon a bayan muryarsa. Bai nemi mai wayar ba a wannan karon. Ya kira ƙanensa maƙaryaci, mai yaudarar Allah da mutane, a gaban mata masu ɗiban ruwa. Kalaman marigayiya na ƙarshe su ne: "Yaya, tsaya ka jiya, bakin titi..." Sai tsulum.

Malam yana zargin Zulaihat, matar Nasrullahi, da jiƙa bakin rijiya da gangan. Yana zargin mai sayar da roba. Yana kuma mamakin yadda waya ta zaɓi wannan lokacin daidai. Waɗanda suke wurin sun ce daga hannunsa ta suɓuce yana cikin faɗa. Malam bai yarda da shaidarsu ba.

Ga inda ciwon yake. Lokacin rajistar layi, Malam ya ƙi a ɗauki hotonsa da yatsunsa, ya ce bai san inda za a kai su ba. Nasrullahi ne ya dangwala nasa. Jiya Malam ya je Tambuwal a dawo masa da lambar, aka ce sai mai layin ya zo da kansa. Mai layin kuwa yana can yana taka ƙasar mutane, lambar da ya sani a duniya tana ƙarƙashin ruwa gaba goma sha biyu. In ya kira ya ji ta a kashe, abu ɗaya zai ɗauka: Yaya ya yanke shi. Kwana uku ke nan Malam bai cika mudu daidai ba.

Ta rasu ta bar caja ɗaya, da Hinde matar Malam, wadda ta sha faɗa masa ya rage bincike.

Ranar Asabar bayan sallar asuba, Na'iya mai yasar rijiya zai sauka neman gawa. In an samu, za a zare layin a shanya, a binne sauran a gindin zogalen gidan. Ba a buƙatar goro ko dabino. Abin da iyalai ke roƙo shi ne, duk direba ko falken da ya nufi yamma, in ya ga wani dogo mai sanda da buta shuɗiya, ya tsaya ya ce masa wayar ce ta mutu, Yayansa bai yi fushi ba, ya kuma yafe masa gurnanin injin da ya ji. Malam ya ƙara da cewa kada a rage masa hanya, ko da ya roƙa.