Yadda Za Ka Tsallake Binciken Madam Apio da Kujerar Aro

Idan ofishinku ya aiko maka da fom mai shafi tara yana tambayar ko gidanka ya dace da zaman aiki, kada gabanka ya faɗi. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin Madam Apio mai duba lafiyar ma'aikata za ta sa maka hannu tana murmushi. Mutum goma na ɗora a kan wannan hanya a nan Kampala, duk sun haye. Na sha ɗaya shi ne abokin aikina Pius Lubwama, kuma da shi zan riƙa ba ka misali don ka san inda ramin yake.

Mataki na 1: Ka san abin da kake gudu

Wanda gidansa ya faɗi bincike, ofis zai koma. Pius a Nansana yake zaune, awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, in cunkoso ya yi masa sauƙi ke nan. Mahaifiyarsa kuma tun bara ɓarin jikinta ya shanye. Shi ke ba ta magani, shi ke kama ta zuwa bayi. Bai taɓa faɗa wa ofis ba, don tsoron kada a ce jinya yake yi da lokacin kamfani. In aka mayar da shi ofis, tsohuwa za ta wuni ita kaɗai.

Mataki na 2: Cike fom da ƙarfin hali

Duk tambayar da ta fara da “kana da”, amsarta e. Duk wadda ta fara da “akwai haɗarin”, amsarta babu. Kada ka tsaya karantawa, yawan karatu shi ke kawo ciwon wuya, kuma shi ma akwai shi a shafi na huɗu. Da Pius ya zo kan “mutum nawa ne a gidan lokacin aiki”, ya ɗan yi jim, sannan ya rubuta ɗaya.

Mataki na 3: Ari kujera

Doka ta ce kujera mai juyi da majingina, ba jarkar ruwa da filo a kai ba, wadda Pius ya shekara biyu yana zama a kanta. Kada ka saya. A sashenmu kujera ɗaya ce tal, da jan tulun kashe gobara ɗaya, kuma Ssalongo ɗan boda, wato mai acaɓa, ya haddace jadawalin binciken fiye da manaja. Yana ɗaure su a bayan babur ya kai gidan wanda za a bincika na gaba, wani lokacin kujerar ko hucewa ba ta yi ba. Abu ɗaya za ka kiyaye: a hannunta na hagu akwai facin atamfa mai zanen kifi. Ɗora gwiwar hannunka a kai, kada ka ɗaga ko da sauro na cizonka.

Mataki na 4: Gyara iya abin da waya ke gani

Ta kiran bidiyo ake binciken, saboda haka faɗin tabarma ɗaya na bango ya ishe ka. Sauran duniya a tura ta bayan labule: soket mai baki shida da aka jona wa wani mai baki shida, da jarka, da murhun gawayi da matooke, wato ayabar dafuwa, ke turaruwa a kai. Masana sun tabbatar ƙamshi ba ya bin waya.

Mataki na 5: Amsa a taƙaice

Ƙarfe goma na safe Madam Apio ta kira, da tabarau a karan hanci.

“Malam Lubwama, juya kujerar in gani.”

Ya juya, gwiwar hannu a kan kifi.

“Tulun gobara fa?”

Ya ɗaga shi da hannu ɗaya.

“Madalla. Hannunka na hagu lafiya kuwa?”

“Lafiya lau, Madam. Haka nake zama tun ina yaro.”

Ka ga gwaninta. Saura tambaya biyu a gama.

Mataki na 6: Kada ka yarda da barcin tsohuwa

Nan Pius ya yi kuskuren da ba a yafewa. Ya ɗauka Maama, wato mahaifiyarsa, tana barci, ya manta tsohuwa 'yar ƙabilar Baganda tana iya jin muryar baƙo ta cikin bango uku.

“Pius,” aka kira daga ɗaki. “Wace ce a gidana?”

“Rediyo ne, Maama.”

“Rediyon ne ya san sunan ubanka? Kawo ta mu gaisa. Ban haifi ɗan da zai ajiye baƙuwa a falo kamar buhun gawayi ba.”

Madam Apio ta zare tabarau. “Kai ni wurinta.”

Idan ka kai nan, shawarata ta ƙare. Pius ya tashi, kifi ya bayyana. Ya ɗaga labule, waya ta ga soket, ta ga jarka, ta ga murhu. Ya shiga ɗaki ya durƙusa gaban gado kamar yadda aka koya masa, da wayar a hannu, har ita ma Madam ta sami kanta tana kallon tsohuwa daga ƙasa. Aka yi gaisuwa ta kusan minti biyar, har da tambayar ruwan sama a garin su Madam.

“'Yata, kin ci abinci? Matooke ya kusa nuna.”

“Na gode, Maama. Wannan ƙarfen da ke jikin bango fa?”

“Shi ya kafa mini, daga gado har bayi. Ya shimfiɗa roba kada in zame. Dubi wayoyin wuta, duk ya maƙale su sama. Shi kuwa yana can kan jarka, bayansa ya lanƙwashe kamar na kakansa. Me ya rubuta miki a takardar?”

Pius ne ya amsa, kansa a ƙasa.

“Na ce ni kaɗai ne a gidan, Maama.”

Tsohuwa ta dube shi. “To, ni ma bayan labule ka tura ni ke nan.”

Na san Pius shekara tara, ban taɓa jin abin da ya ƙona masa rai kamar wannan magana ba.

Mataki na 7: Idan asiri ya tonu, riƙe biro

“Malam Lubwama,” in ji Madam Apio, “kifin nan yau ganina da shi na sha ɗaya. Na san shi fiye da wasu 'yan uwana. Falonka ya faɗi warwas. Amma a duk gidajen da na duba, ɗakin nan ne kaɗai wanda wani ya zauna ya yi tunanin inda mutum zai iya faɗuwa. Ka dawo da teburinka nan, ka fitar da murhu waje, kujerarka ta ofis za ta iso ranar Litinin. Buɗe shafi na biyu.”

Ya buɗe.

“Soke ɗaya, rubuta biyu.”

“Nuna mini,” in ji Maama. Ba ta iya karatu ba, amma ta san biyu idan ta gan shi. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce a sauke matooke kafin ya ƙone.

Hattara

Marubucin nan ba shi da hannu a ciwon baya, gobara, ko fushin uwa, wanda na Pius ya kai kwana uku. Mutum goman da aka sake kira bincike su daina buga mini waya, ban san su ba. Wanda kuma kujerar take hannunsa ya ji tsoron Allah ya ba Ssalongo ya dawo da ita. Tawa ce, uwata ce ta ɗinka kifin, kuma ranar Alhamis ni Madam Apio za ta kira.