Mashayin Jini a Gidan Tafarnuwa

"Lafiya lau, angona, sai mamakin yadda ka tuna hanyar gidan matarka," in ji Teta Nabawiyya daga cikin kicin. Ko ɗago kai ba ta yi ta dubi jikan nata ba, dakan tafarnuwarta kawai take yi. "Ruwa ba ya tsami banza. Me ka zo nema?"

"Haba tsohuwa, mutum ba zai zo gaida kakarsa ranar Juma'a ba?"

"In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi."

Hazim ya yi dariya, don ya san ta gano shi. Jibi za su ɗauki fim ɗinsa na kammala makaranta, labarin mataccen nan mai tashi daga akwatin gawa ya sha jinin mutane. Sun samu fiƙoƙin roba, sun haɗa jinin ƙarya da zoɓo da zuma, alkyabba ce kawai ta gagara. Wadda suka ɗinka da labule, malaminsu yana gani ya ce in da ita za su zo, kada ma su wahalar da kansu. Kaf birnin Iskandariyya kuwa Hazim bai san baƙar alkyabba irin ta kakansa marigayi Hajj Sabri ba, ita ko tun rasuwarsa take kulle, har baban Hazim bai taɓa yin ƙarfin halin tambayarta ba.

Ya dai rufe ido ya faɗa mata aron alkyabbar ya zo.

Taɓaryar ta tsaya. "Alkyabbar mijina na gaskiya zan ba wa mijin wasa, ya yafa wa aljani? Allah ya kiyashe ni!"

"Ba aljani ba ne, Teta. Basarake ne, mai tsohon gidan sama a kan dutse."

"Na san su sarai. Basaraken da ba shi da ko katifa, yana kwana a akwati. Gida ya cika da yanar gizo, ba mai shara. Wace mace ce za ta zauna da shi?"

"Ai mata suna bin sa. Ido kawai yake zuba musu."

"Kai ma ka daɗe kana zuba musu ido, wacce ta biyo ka? Kuma dubi yarinyar da suke sakawa, marar wayo. Iska tana kaɗa labule, kare yana kuka, ita kuma ta tashi da rigar barci da kyandir ta nufi ɗakin ƙasa. Ba uwarta a gidan ne?"

"In ta zauna a ɗaki ai fim ya ƙare."

"Da ya fi mata. To shi gogan naka, a nan garin za ka ajiye shi?"

"A nan unguwar Bahari ma."

Teta ta ƙyalƙyale har da riƙe ciki. "Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta! Wanda aka ce tafarnuwa ke kashe shi? Tun daga tashar jirgin ruwa zai faɗi. Numfashin kawunka Ragab kaɗai ya ishe shi."

"Amma ta wani gefen ya huta. Ba ya shiga gida sai an ce ya shigo, ku kuwa ko mai karɓar kuɗin wuta kuka gani sai kun ce bismillah."

"Ƙwarai kuwa zan ce ya shigo. In zaunar da shi, in cika masa kwano, in rantse sai ya ƙara. Kafin ya kai ga wuyana ya mutu da ƙoshi."

"Wane wuya? Shekara nawa zai yi yana neman jijiya a cikin wannan tamojin?"

"Ja'iri! Kai da ko sauro ya cije ka sai ya nemi ƙarin jini."

Tana faɗa tana juya tafarnuwar a cikin man shanu har ta yi ja. Ta ɗauko kaskon ta juye a tukunyar miyar lalo, ta ja numfashi da ƙara, "Hiiih!", yadda duk macen da ta isa take yi, don miyar da ba a yi wa wannan ba ai ba ta kamawa. Hazim ya san da haka tun yana rarrafe, amma hankalinsa na kan alkyabba, sai ga shi ya zabura ya buge kai da ƙofa.

"Ka ga mai fim ɗin tsoro," in ji Teta. "Miya ta firgita shi."

"Wallahi wannan ihun muke nema! Yarinyar fim ɗinmu in ta yi nata sai ka ce an taka mage. Ke da kika haddace finafinan nan, faɗa min, yaya ake kashe shi a ƙarshe?"

"Mutuwa yake yi mana."

"Ta yaya?"

"Yadda ake mutuwa."

"Turke ake kafa masa ko rana ce ke ƙona shi?"

Teta ta shiga juya miyar da ba ta bukatar juyi. Can ta ce, "Ban taɓa ganin ƙarshen ko ɗaya ba. Kakanka ke kai ni silima, da gangan yake zaɓen irin waɗannan. Da akwatin ya fara buɗewa sai in cusa kaina cikin alkyabbarsa, ina jin yana ta dariya ta cikin ƙirjinsa. Muna fitowa ya ce mashayin jinin ya tuba ya buɗe shagon kifi."

Kunya ta kama Hazim. "Bar shi, Teta. Zan nemi wata."

"Wa ya tambaye ka?" Ta goge hannu, ta zaro mabuɗi daga igiyar wuyanta ta shige ɗaki. Ta fito da alkyabbar a rungume, baƙa wuluk, tana ƙanshin turaren marigayi, ta yafa masa. Gefenta ya share ƙasa.

"Jemage a cikin buhu," ta ce, idonta ya ciko tana dariya. "Ɗigon zoɓo ɗaya ya taɓa ta, ni zan sha jininka, ko da ba haƙori. Kuma ranar da za a nuna, kujerar gaba nake so. Wannan karon sai na ga ƙarshe."

"In kin tsorata fa?"

Ta gyara masa wuyan alkyabbar, ta daɗe hannunta yana wurin.

"Sai ka zo da ita a jikinka, ka zauna kusa da ni. Yanzu cire ta ka ci abinci, kada ka shafa mata miya."