Kwalbar da Gara Ta Cinye wa Suna

A Rafin Kuka akwai wani gida mai mutum uku: Inna Tabawa, da babban ɗanta Nomau, da ƙaninsa Kallamu, wanda ya yi shekara bakwai a birni kafin ya dawo koyar da ilimin sinadarai a sakandaren garin. Nomau ya haura talatin, ƙato ne, amma matsoraci, kuma duk abin da aka faɗa masa haka yake ɗauka, ba ragi ba ƙari. Inna ce ta matsa har Kallamu ya samo masa aikin kula da ɗakin ajiyar sinadarai. Firinsifal, Alhaji Jatau, ya gindaya wa Kallamu sharaɗi: "Shirme uku, ya tafi. In kuwa wani ya ji ciwo, kai ma ka bi shi." Tun daga ranar, kullum da fargaba Kallamu ke shiga makaranta.

Wata rana Kallamu ya jera kwalabe a gaban wansa ya ce, "Yaya, dubi ƙarshen kowane suna. Wutsiyar ce ke nuna dangi. Masu ƙarewa da 'ol', irin etanol, gidansu ɗaya. Masu 'al' gidansu daban. Kowa ka ajiye shi a gidansu." Da safe ya tarar Nomau ya kwaɓa laka, ya gina 'yan gidaje a kan kantar kwalaben, kowane da zaurensa. "Ban bar ƙofa a tsakani ba," in ji Nomau ƙasa-ƙasa, "kada su haɗa baki." Firinsifal ya leƙo, ya ga laka a kan kayan gwamnati, ya ɗaga yatsa ɗaya.

Wata rana Kallamu ya ce, "'Yan gidan 'ol' ɗin nan wuta kawai suke jira. Kada ka bari ta zo kusa." Ana fita hutun tara sai ga ihu daga bakin ƙofar makaranta. Nomau ya juye bokitin ƙasa a murhun Baba Asabe mai ƙosai, wadda ke zaune taku ɗari biyu daga ɗakin. "Ja'iri, me wutata ta yi maka?" Nomau ya ce, "Baba, na ga tana kallon wajenmu." Firinsifal ya ɗaga yatsu biyu.

Wata rana Kallamu ya kama hannun wansa. "Saura ɗaya, Yaya. Duk kwalbar da ba ta da cikakken suna, ka ɗauke ta maciji ce. Kada ka taɓa, kada ka bar kowa ya taɓa." Da yamma Nomau ya samo doguwar gora, ya ture kwalbar man gyaɗan Inna daga bakin murhu, ya gangara da ita bayan gida, ya binne. Kwana biyu ana shan miya ba mai, sai da Kallamu ya rubuta suna ya manna wa sabuwar kwalba. Ya roƙi Inna kada maganar ta fita.

Wata rana Kallamu yana aji sai ya ji muryar firinsifal kamar ana yanka shi. Ya saki alli ya ruga. A bayan ɗakin ajiya ya iske rami, da fasasshiyar kwalba a ciki, da Nomau riƙe da gora yana haki. Ashe Hajjo, 'yar firinsifal mai shekara uku, ta kwana da zazzaɓi, wani ya ce a shafe mata jiki da sifirit, wato etanol. Uban ya nufi gidan 'ol' zai ɗauko. Gara kuwa ta biyo lakar Nomau ta cinye takardar wata kwalba, ba ta bar komai ba sai wutsiya. Ita ya miƙa wa hannu, Nomau ya riga shi da gora, ya ture ta, ya gangara da ita rami.

"Uku!" in ji firinsifal. "Tattara ka bar mini makaranta!"

"Ranka ya daɗe, wutsiya kaɗai gare ta, ba kai," in ji Nomau.

Kallamu ya shiga ɗakin don ya samo wata kwalbar ko zuciyar mutumin ta sauka. Sai ga etanol zaune a zaurensa, sunansa cikakke. Ya duba gurbin da babu kowa, ya gane na wace ce. Ya fito a hankali.

"Ranka ya daɗe, waccan metanol ce. Gida ɗaya, ƙamshi kusan ɗaya, amma fata na shanta. Da ta hau jikin Hajjo, in bai zo da ajali ba, idanunta za ta ɗauke. A kai ta asibiti, a bar kwalaben nan duka."

Alhaji Jatau ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa. Ya daɗe yana duban ramin.

"In tattara, ranka ya daɗe?" Nomau ya tambaya.

Firinsifal ya dubi yatsunsa uku da ke miƙe har yanzu, ya naɗe su ɗaya bayan ɗaya.

"Cike ramin, Nomau."

Nomau ya cike, ya danne da dutse, ya ja da baya a hankali, bai juya wa ramin baya ba.